Mitar MESR-100 da talabijin mai kamawa yau ya ƙi gobe: ta cancanci kuɗinta?

Duk mai gyara ya san cewa talabijin da ya mutu murus ya fi sauƙin sha'ani a kan wanda yake kamawa idan ya ga dama. Mai kaya zai ce da safe sai ya danna rimot sau goma kafin hoto ya fito, ko jar fitila ta yi ta ƙiftawa, ko a ji ƙas-ƙas daga ciki sannan shiru. Ya ɗauko shi a Keke Napep daga Tudun Wada ko Samaru zuwa shago da rana tsaka, ana jonawa sai ya kama nan take kamar bai taɓa ciwo ba. Wannan bitar a kan ƙaramar mitar MESR-100 ce, wadda ake auna lafiyar kafasita (ƙaramin kayan da ke ajiye cajin wuta a kan bod) da ita, da kuma iya inda take kaiwa wajen kama irin wannan matsala.

Aikinta guda ɗaya ne: tana auna turjiyar da ke cikin kafasita mai ruwa, abin da ake kira ESR. Tana tura sigina mai kilohaz 100, tana karantawa daga om 0.001 zuwa om 100, kuma batir biyu na AA take ci. Ƙarfin siginar bai kai bolt 0.6 da dayod ko taransista ke buƙata kafin su buɗe ba, shi ya sa ake iya aunawa kafasita tana kan bod ba sai an cire ta ba. A fuskarta akwai jadawalin da ke nuna iyakar ESR da ake tsammani ga kowane girma da kowane bolt.

Dalilin da ya sa wannan awo yake da muhimmanci shi ne yadda kafasita take tsufa. Ruwan da ke cikinta yana bushewa a hankali saboda zafi. Yawancin waɗanda ke pawa bod, wato bod ɗin da ke ba sauran sassa wuta, an ƙiyasta musu awa 2000 zuwa sama a zafin digiri 105, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwarta. Talabijin da aka manna a bango cikin ɗaki mai rufin kwano, ya sha zafin Maris da Afrilu na Zariya shekara huɗu ko biyar, ga ƙurar hunturu ta toshe ramukan shan iska, kafasitocinsa sun riga sun gaji. To, kafasitar da ta bushe ESR ɗinta yana ƙara hawa idan ta yi sanyi, yana sauka idan ta ɗumama. Nan ne sirrin yake. A sanyin asubar Disamba da Janairu talabijin ya ƙi tashi, da rana ta take kuma ya kama. Maltimita mai auna mikrofarad tana iya nuna kusan adadin da aka rubuta a jiki, alhali ESR ya ninka sau goma. Ido ma bai isa shaida ba, domin ba kowace kafasita ce take kumbura kafin ta lalace ba.

Wadda ta fi wahalar da masu gyara ita ce ƙaramar kafasitar da ke riƙe wutar ayisin (IC) da ke kunna pawa, a ƙafar VCC, wato ƙafar da ayisin ke shan wuta ta cikinta. Yawanci 10µF, 22µF ko 47µF ce mai bolt 50, tana maƙale kusa da ƙarfen sanyaya taransista, wurin da ya fi ko'ina zafi. Idan aka jona wuta, ana cika ta a hankali ta resista mai babbar turjiya, ko ta cikin ayisin kansa, har ta kai matakin da zai fara aiki. Daga nan dole ta riƙe shi na ɗan lokaci kafin taransifoma ta karɓi ciyarwar. Idan ta gaji, wutar tana faɗuwa kafin a karɓa, ayisi ya mutu, a sake cikawa, ya sake gwadawa. Wannan ne ƙas-ƙas ɗin da ƙiftawar fitila. Irin wannan ƙarama ba kasafai take kumbura ba, tana nan tsaf kamar sabuwa. Lafiyayyar 47µF takan nuna ƙasa da om 1, lafiyayyar 10µF om 1 zuwa 2. Idan MESR-100 ta nuna 8 ko 15 ko ta wuce iyaka, an kama ɓarawo cikin minti ɗaya. A wannan aikin kaɗai mitar ta biya kuɗinta.

A ɓangaren fitar wuta ma tana da kyau. Manyan kafasitoci irin 1000µF mai bolt 16 ko 25 ya kamata su nuna ƙasa da om 0.1, masu kyau sukan sauka har 0.03 zuwa 0.06. Tun da adadin ƙanana ne haka, tilas a haɗa bakin wayoyin biyu a danna maɓallin sifili kafin a fara, a kuma maimaita idan an sauya waya.

Sai dai kada a fara da ita. Mai gyaran da ya buɗe murfi ya hau auna kafasitoci ɗaya bayan ɗaya tun bai san ɓangaren da ke da laifi ba yana ɓata lokacinsa ne. Maltimita ce ta farko, kuma a auna lokacin da matsalar take nan, wato talabijin ya kwana a kashe, a gwada shi da sassafe. A duba wutar jiran aiki a soket ɗin da ya haɗa pawa bod da babban bod. A yawancinsu bolt 5 ce, a wasu na LG 3.5, wasu kuma suna barin layin bolt 12 ko 13 a kunne amma an rage ƙarfinsa. An rubuta sunayen ƙafafun a jikin bod. Idan babu wutar jiran aikin ko tana hawa da sauka, laifin yana pawa bod, nan ne MESR-100 za ta shigo. Idan tana nan daram, a danna maɓallin kunnawa a duba ƙafar PS-ON, wadda babban bod ke ba pawa umarnin tashi ta cikinta: ya kamata ta tashi daga sifili zuwa wajen bolt 3. Idan ba ta tashi ba, babban bod ne bai ba da umarni ba, sai a koma kan ƙananan regiletoci masu ba da 3.3, 1.8 da 1.2 ko kusa da haka, da kiristal, da ayisin da ke ajiye manhaja. Idan ta tashi amma bolt 12 ya zo ya faɗi, ko dai kafasitocin fitarwa ne, ko PC817 da TL431 masu daidaita wutar, ko wani abu yana jan wuta fiye da kima.

Wata dabara da ke tafiya da mitar hannu da hannu ita ce na'urar busar da gashi. A hura iska mai ɗumi a pawa bod na minti ɗaya ko biyu. Idan talabijin ya kama, zargi ya koma kan kafasita ko tsagaggiyar dalma. Amma a bar bod ya huce sosai kafin a auna ESR, in ba haka ba kafasitar da ta ɗumama za ta nuna adadi mai kyau ta yaudari mai aunawa. Wannan kuskure ne da yake sa a ce mitar ƙarya take yi.

Ga inda take gazawa, kuma wajibi ne mai saye ya sani. Kafasitar da ta haɗe daga ciki za ta nuna kusan sifili, kamar wadda ta fi kowacce lafiya, don haka duk adadin da ya yi kyau fiye da kima a tabbatar da shi da maltimita. Idan kafasitoci biyu ko uku suna jere a layi ɗaya, kamar yadda ake yi a bolt 12, lafiyayya ɗaya za ta rufa wa sauran asiri, sai an ɗaga ƙafa ɗaya. Ba ta auna mikrofarad. A ƙasa da 1µF karatunta ba abin dogaro ba ne, domin a kilohaz 100 ita kanta 1µF tana da turjiyar da ta kai wajen om 1.6 ko da lafiyarta ƙalau. Jadawalin fuskarta kuma na kafasitocin gama-gari ne, yana da sassauci. Kafasitar da jadawali ya nuna lafiyarta ƙalau tana iya kasawa a pawa mai saurin kunnawa da kashewa. Ya fi kyau a ajiye sababbi masu kyau a aljihun tebur a riƙa kwatantawa.

Kuma ba ta sauke cajin kafasita da kanta. Babbar kafasita mai bolt 400 ko 450 tana riƙe wajen bolt 320 daga wutar 230, a bod mai PFC (sashen da ke ɗaga wutar kafin ta shiga kafasitar) kuma kusan 390, kuma a pawar da ta kasa tashi cajin yakan daɗe domin babu abin da ke shanye shi. Taɓa ta da wannan mita a haka yana iya ƙona mitar, taɓa ta da hannu kuwa yana iya kisa. A cire filogi, a sauke ta da resista 10k mai wat 5 na daƙiƙa goma, a tabbatar da maltimita. Kada a haɗe ƙafafun da sukundireba. Wata mitar, Peak Atlas ESR70, tana sauke ɗan ƙaramin ragowar caji da kanta kuma tana nuna mikrofarad, amma ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ƙananan na'urorin gwaji irin LCR-T4 kuwa suna da arha, sai dai dole a cire kafasita daga bod kafin a amince da su.

Akwai masu laifin da mitar ba za ta taɓa gani ba. Tsagaggiyar dalma a ƙafafun taransifoma, dayod da soket tana buƙatar gilashin ƙara girma da ɗan ƙwanƙwasa bod da sandar roba. Fitilun bayan allo idan ɗaya ta fara mutuwa, hoto yakan haska sau ɗaya ya ɗauke, wani lokaci da sauti, wani lokaci talabijin ya kashe kansa gaba ɗaya. A haska tocila a allo, idan ana ganin hoto dishi-dishi to fitilu ne. Sai maɓallin jiki da ƙura ko laima ta sa yake danna kansa, wanda cire wayarsa kawai zai tona. A tambayi mai kaya kuma da wace wuta abin yake faruwa. Idan a janareta ne kaɗai, ko lokacin da wuta ta zo da rauni, ko a soket mai sako-sako, ƙila ba a talabijin matsalar take ba, ko kuma raunin wutar ne yake fito da gajiyar babbar kafasita.

Idan an kama mai laifi, abin da aka maye gurbinsa da shi ne yake yanke ko kayan zai dawo. A sa mai digiri 105 mai ƙarancin ESR, mikrofarad daidai da na asali, bolt daidai ko sama da shi, a kula da ƙafar da ke da alamar ragi. Ƙaramar ta VCC a canja ta ko da karatunta yana kan iyaka, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Mitar tana da amfani a wurin saye ma: tana shiga aljihu, ana iya zuwa da ita wurin masu kayan gyara a Sabon Gari a auna biyu ko uku daga cikin leda kafin a biya, domin akwai sababbin da ESR ɗinsu ya fi na tsohuwar da aka cire, musamman waɗanda suka daɗe a ajiye cikin zafi.

Ga mai gyaran da ke karɓar filasma kullum, ta cancanci saye, tare da sauya gajerun wayoyinta da masu tsini don kaiwa lungun bod. Wanda bai mallaki maltimita mai kyau ba tukuna ya fara da sayen maltimitar. Bayan gyara kuma kada a miƙa kaya ranar: a bar talabijin ya kwana a cire daga wuta, a kunna shi da sanyin safiya, a maimaita kwana biyu a jere kafin a kira mai shi.