Asibitin koyarwa ko cibiyar kuɗi ta Abuja? Amsa ga Maman Abba

Wa'alaikumus salam Maman Abba. Ki kai shi asibiti. Tsakanin asibitin koyarwa na nan Jos da cibiyar kuɗin nan mai duba yara ta Abuja da ƙanwar maigidanki ta ba ki lambarsu, asibitin za ki fara zuwa. Duka biyun na taka su da ƙafata, riƙe da hannun yaro. Shi ya sa da na ga kin rubuta cewa antin su Abba ta makaranta ta sake kiranki, wai yaro ɗan shekara 5 ba ya zama a benci kuma ba ya ƙarasa aiki, na kasa wucewa ban tanka ba.

Nawa yaron, Khalifa, yana da shekara 6 abin ya kai mana iya wuya. Fensir uku a mako. Takalmi wari ɗaya a gida, wari ɗaya a makaranta. Ka aike shi ɗauko ludayi, sai ka tarar da shi a bayan gida yana bin ƙadangare. Wata rana a Bauchi Road ya fizge hannunsa ya faɗa titi, Allah ne kawai ya tsare, mai keke ya taka burki. Malamin Islamiyya ya ce ƙwaƙwalwarsa kamar maganaɗisu, sau biyu za a biya masa ya riƙe, amma ba a taɓa ganin ya zauna minti biyar ba. Kakarsa ta ce sangarta ce. Babansa ya ce bulala ce ta yi masa kaɗan. Ni ma na dake shi, ba sau ɗaya ba, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, domin dukan bai ƙara masa komai ba sai ƙarya da ɓuya a bayan ƙofa.

Cibiyar Abuja muka fara zuwa, kuma ita ce nadamata. Muka bi ta Hawan Kibo, Akwanga, Keffi, muka kwana gidan 'yan'uwa. Cikin minti 20 wata budurwa ta ba ni takarda na cike, ta ce yana da ADHD, wato lalurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, ta kawo mini jadawalin zama na wata uku, a biya gaba ɗaya. Babu wanda ya leƙa kunnensa, babu wanda ya tambayi me malamarsa ta gani. Kuɗin da muka zuba da na mota sun kai kuɗin makarantarsa na shekara, muka bari a mako na huɗu. Iyakar abin da zan faɗa musu na alheri: wurin tsaf yake, ba layi, kuma akwai irin waɗannan cibiyoyi na ƙwarai da ke amfanar yaron da likita ya riga ya ce yana buƙatar mai koya masa magana ko sarrafa hannu.

Asibitin kuwa, wata maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce ta matsa mini. Muka yi sammako zuwa JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo, cikin sanyin Disamba, na naɗe shi da rigar sanyi biyu. Muka yanki kati, likitan yara ya fara ganinsa, daga baya aka tura mu wajen likitar ƙwaƙwalwa. Da na ji sunan sashen gabana ya faɗi, na ce me zan gaya wa dangin babansa, an kai musu jika wajen mahaukata? Ki cire wannan daga ranki tun yanzu. Yara na tarar a wurin da iyayensu mata, wata ɗanta ba ya barci, wata 'yarta ta daina magana a makaranta, kowa da abin da ya kawo shi.

Likitar ta riƙe mu kusan awa ɗaya. Tun daga goyon ciki ta faro. Ya cika wata tara? Ya yi kuka da aka haife shi? Ya yi shawara yana jariri? Ya taɓa jijjiga da zazzaɓi? Yana minshari, yana buɗe baki in yana barci? Yakan yi shiru ya ƙura ido na ɗan lokaci, a kira shi bai ji ba? Ƙarfe nawa yake kwanciya, awa nawa yake yi da waya? An yi rasuwa ko tashin hankali a gida? Duk wannan lokacin Khalifa ya sauka daga kujera ya fi sau goma, ya buɗe durowa, ya ɗauki abin sauraren ƙirjinta. Na miƙe zan make shi, ta ɗaga mini hannu. Ta sa masa abin a kunne, ta ce ya saurari zuciyar Mama ya gaya mata ko tana gudu. Ya ce tana gudu sosai. Sannan ta juyo ta ce, "Hajiya, yaron nan ba lalacewa ya yi ba, kuma ba ke kika lalata shi ba." Wallahi a nan na fashe da kuka. Shekara uku ina jiran wani ya gaya mini haka.

Amma ba ta sa wa abin suna a ranar ba, kuma nan ne asibitin ya sha bamban da inda muka fito. Ta tura a duba idonsa da kunnensa, a auna jininsa. Ta ba ni takardun tambayoyi biyu, ɗaya mu cike ni da babansa, ɗaya antinsu ta cike ba tare da ta ga tamu ba. Ta bayyana mini dalili: ba a cewa yaro yana da wannan lalura ta rashin natsuwa da yawan ƙiriniya sai alamun sun kai wata 6 ana gani, sun bayyana kafin ya cika shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri biyu ko fiye, gida da makaranta misali, har suna hana shi karatu ko zama da yara. Yaron da ke lafiya lau a gida sai a aji yake birkicewa, wataƙila allon ne ba ya gani, ko maganar anti ce ba ta isa kunnensa. Mai ƙarancin jini, da wanda toshewar hanci ke hana shi barci mai nauyi, da mai wata irin farfaɗiya da ba a faɗuwa sai ɗaukewar hankali na 'yan daƙiƙu, duk suna iya kama da mai ADHD. Khalifa ma an tarar jininsa ya yi ƙasa, aka fara gyara wannan. Sai a zuwa na uku, da takardun a gabanta, ta tabbatar mana.

Da ta tambayi ko akwai mai irin halin a dangi, babansa ya yi shiru, can ya ce ƙanensa haka ya taso, har aka cire shi daga boko aka ce ba ya ji. Lalurar tana bin jini sosai. Ba alewa ke kawo ta ba, ba kuma goyon kaka ba. Kusan yara 5 cikin 100 ke da ita a duniya, wato a ajin yara 40 ba abin mamaki ba ne a samu biyu, kuma an fi gano ta a maza domin nasu ya fi fitowa fili. Mace takan zauna shiru ne hankalinta na wani wuri, sai a ce mata sakarya.

Ni ba likita ba ce, kuma ban ce Abba yana da ita ba. Ki duba wani abu ma: shekararsa nawa in aka gwada da 'yan ajinsu? Mu nan muna son tura yaro aji ɗaya tun yana 4 ko 5 don a ce ya yi sauri, a zaunar da shi daga 8 zuwa 2 yana kwafar allo. An lura a ƙasashe da dama cewa ƙananan cikin aji su aka fi laƙaba wa wannan lalura. Cibiyar da cinikinta ya dogara ga ki sayi zama ba lallai ta ce miki ki mayar da shi nazire ba. Likitar da albashinta ba ya ƙaruwa da amsar da ta ba ki za ta iya faɗa.

Na san maganar magani ce ke tsorata maigidanki. A shekarun Abba ba da ƙwaya ake farawa ba. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta 2019 ta ce yaron da ke tsakanin 4 da cikar 6, iyaye ake fara koya wa yadda za su tafiyar da shi, a Ingila kuma ba a ba ɗan ƙasa da 5 magani sai wani ƙwararren ya sake dubawa. Mu ma da horon muka fara, kuma ni aka horar, ba shi ba. In zan aike shi, in durƙusa mu haɗa ido, aike ɗaya tak, in ce ya maimaita. In ya yi, in yaba masa nan take, ba sai dare ba. Aikin gida minti 10, ya tashi ya zaga tsakar gida, ya dawo. Jaka da takalmi wuri ɗaya kullum, a bakin ƙofa. Bayan la'asar ƙwallo, bayan isha'i babu waya. Antinsu, Allah ya saka mata, ta dawo da shi layin gaba nesa da taga, ta mai da shi mai goge allo da raba littattafai, ya samu hanyar motsawa ba tare da laifi ba. Malamin Islamiyya ya rage masa tsawon karatu, aya uku ya biya ya tashi ya dawo. A wata biyu kukan safiya ya ragu a gidana.

Sai da ya shiga shekara 8, karatu ya yi nauyi, aka ɗora shi a kan methylphenidate, wanda aka fi sani da Ritalin, ƙaramin awo. Ya taimaka masa ƙwarai a aji. Yana rage cin abinci, don haka nake cika masa ciki da safe kafin ya sha, dankalin turawa da ƙwai ko kunun gyaɗa da ƙosai, kuma ba a ba shi da yamma saboda barci. Duk komawa asibiti sai an auna tsawonsa, nauyinsa, bugun zuciya da hawan jini. Wannan bibiyar ita ce abin da ba za ki samu a wurin da babu likita ba, ga shi Abuja ba nan kusa ba ce da za ki riƙa zarya duk wata.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa, domin da zarar an ji kina neman taimako za su yi miki caa. Masu tallan maganin buɗe ƙwaƙwalwa a Facebook da TikTok, da hoton yaro riƙe da kyauta, kwalba ɗaya kuɗin buhun shinkafa: kada ki saya. Masu wata na'ura da ake damƙa wa yaro a tafin hannu, kwamfuta ta zayyano cututtuka goma, sannan su ce maganin yana cikin jakarsu: ƙarya ce. Babu gwajin jini, babu hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ADHD. Gwajin da likita ke sawa na kore wasu cututtukan ne. Wanda ya ce zai warkar da shi kwata-kwata cikin mako biyu, kuɗinki yake so. Mafi haɗari shi ne mai kemis da zai ba ki maganin tari ko na mura mai sa barci wai yaro ya lafa, da wanda zai ce yana da Ritalin ba sai da takardar likita ba. Magani ne da doka ta tsaurara fitarsa, wanda ya sayar miki a bayan kanta ba ki san me ke cikin ƙwayar ba. Lambar NAFDAC a jikin kwali ma ana buga ta bogi. Duk wanda ya kira kansa dokta a irin cibiyoyin nan, ki tambaye shi kai tsaye ko likita ne mai rajista, kuma me ya karanta. Na ƙwarai ba ya jin haushin tambayar.

Addu'a kuwa ki riƙe ta, ki yi masa tofi safe da yamma, ni ma ina yi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, don haka zuwa asibiti ba rashin tawakkali ba ne. Amma wanda zai ce iska ce, a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki ko a zane shi don aljani ya fita, kada ki bar ɗanki a hannunsa ko na minti ɗaya.

In maigidan ya dage sai Abuja, to ku tafi Babban Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Amma ban ga dalilin wuce Jos ba. In an gama aka ce yana buƙatar mai taimaka masa da karatu, Jami'ar Jos tana da sashen ilimi na musamman, ɗalibansu da waɗanda suka gama suna nan cikin gari. Irinsu na samo wa Khalifa, tana zuwa gida sau biyu a mako. A lokacin ne, da takardar likita a hannunki, za ki iya shiga kowace cibiya ki ce ga abin da nake so, ga abin da ba na so.

Ki yi sammako ranar zuwa, asibitin koyarwa mutane ne daga jihohi da yawa, kuma ki sa a ranki zuwa biyu ko uku ne. Ki tafi da katin rigakafinsa, sakamakon jarrabawa, littafin aikinsa guda biyu, da 'yar takarda daga antinsu ta rubuta abin da take gani da hannunta. In kin samu dama ki ɗauki bidiyonsa yana aikin gida ba tare da ya sani ba. Ki riƙe masa abinci da ruwa da abin wasa. Ki lallaɓa babansa ya bi ku, ko sau ɗaya, domin nawa sai da ya ji daga bakin likita sannan ya ajiye bulala. In kin sa rana ki yi mini magana, in ba ni da aiki zan raka ki. Allah ya ba Abba lafiya, ya sanyaya miki zuciya.