Tsakanin ntopng da PRTG, ga wanda zan ce ka ɗora wa sabarka

Wa alaikumus salam Malam. Tunda Ubuntu, wato wani nau'in Linux, ce a kan sabar makarantar taku, kuma damuwarka ita ce gano abin da ke cinye muku data, to a cikin manhajojin sa ido kan zirga-zirgar intanet biyun da ka ambata, ɗauki ntopng, ka bar PRTG tukuna.

Ntopng ɗin nake amfani da ita a cibiyar koyon kwamfuta da nake kula wa, kuma ta fitar da ni kunya a lokacin da kowa ya zuba mini ido. An yi wani lokaci da intanet ɗinmu ke tsayawa cik da hantsi, daidai sa'ad da ɗalibai suka cika ɗaki. Shugaban wurin ya ɗora laifin a kan yara, wai kallon bidiyo suke yi a ɓoye, har ya fara maganar karɓe wayoyi a bakin ƙofa. Da na buɗe shafin ntopng na jera na'urorin bisa yawan abin da kowacce ke ja, sai ga shi babu wayar ɗalibi ko ɗaya a sahun gaba. Kwamfutocin ɗakin ne da kansu, kowacce tana saukar da sabuntawar Windows ita kaɗai da zarar an kunna ta, ga kuma akwatin kyamarorin tsaro yana ta tura hoto waje ba dare ba rana. Na mayar da sabuntawar zuwa bayan an tashi, na rage ingancin abin da kyamarorin ke turawa, magana ta mutu. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ba a ƙwace wayar kowa a kan laifin da bai yi ba.

Dalilin da ya sa take iya wannan shi ne ba yawan data kaɗai take ƙirgawa ba. Tana da wani ɓangare da ake kira nDPI, wanda ke duba kowace hulɗa ya gane ko ta YouTube ce, ko WhatsApp, ko BitTorrent, ko sabuntawar manhaja. Ko da shafin a rufe yake da HTTPS, yawanci tana gane sunan gidan da aka nufa daga gaisuwar farko da na'urorin biyu ke yi, amma ba ta karanta abin da ke ciki. Wato za ka san cewa kwamfuta kaza tana kan Facebook, ba za ka ga saƙon mutum ba, kuma hakan ya ishe ka aikinka. Wani ɗan Italiya, Luca Deri, ya fara ainihin ntop a 1998, ntopng kuma sabon zubinta ne. Nau'in Community kyauta ne, lambobinta a buɗe suke. Kana girka ta, sai ka shiga burauza daga kowace kwamfuta, ka rubuta adireshin sabar da ƙofa ta 3000. Shigar farko da admin ake yi a suna da kalmar sirri, nan take za ta tilasta maka ka canza. Kada ka bar wannan ƙofar a buɗe ga duniya, ka taƙaita ta ga cikin gida.

Wani abu da ke rikita sababbin shiga: idan daga rumbun kamfanin ka sauke ta ba tare da lasisi ba, tana farawa da kayan nau'in kuɗi na minti 10, daga nan ta koma na kyauta. Za ka ga wasu shafuka sun ɓace, kada ka ɗauka ta lalace. Abin da na kyautar ba ta ba ka shi ne dogon tarihin kowace hulɗa ɗaya bayan ɗaya, irin wanda za ka koma makon jiya ka tono. Jadawalin hawa da saukar data kuwa tana ajiyewa.

PRTG ba laifi, tana aikinta. Ta kamfanin Paessler ce na Jamus, kuma ta iya sanar da kai idan wata na'ura ta mutu. Sai dai babbar manhajarta a kan Windows take zama, ka ga sai ka nemo wata kwamfutar da lasisinta. Kyautarta kuma sensa 100 ce, kuma kowane abu guda da ka sa ta lura da shi sensa ɗaya ne. Suwic, wato akwatin da ake jona wayoyin kwamfutoci a ramukansa, mai rami 24 kaɗai zai iya lashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu, bayan nan sai biya da kuɗin waje. Wuri ɗaya da zan sara mata shi ne tana karɓar NetFlow, wato taƙaitaccen rahoton zirga-zirgar data, kai tsaye daga rauta, alhali ntopng sai an haɗa ta da wata manhajar mai suna nProbe, wadda ta kuɗi ce.

To amma ga inda mutane da yawa ke faɗuwa, kuma ya fi zaɓin manhajar muhimmanci. Suwic ba ya aika wa kowane rami sai abin da aka nufe shi da shi. Idan sabarka tana maƙale a rami ɗaya kamar sauran kwamfutoci, abin da ya shige ta ko ya fita daga gare ta kawai za ta gani, sai ɗan abin da aka watsa wa kowa. Kamar ka ajiye maigadi a ɗakin baya ne ka ce ya faɗa maka waɗanda suka shiga ta ƙofar gida. Za ka girka ntopng lafiya lau, ka buɗe ka tarar da kusan babu komai, ka ce ba ta aiki. Hanya biyu ce. Ko dai sabar ta zama mai katin sadarwa biyu, duk zirga-zirgar makarantar ta ratsa ta cikinta kafin ta kai rauta, ko kuma ka sami suwic da ake iya shiga a saita, ka sa shi ya riƙa kwafar duk abin da ke bi ta ramin rauta yana zubawa a wani ramin da ka haɗa da kati na biyu na sabar. Ni ta biyun na fi so, domin idan wuta ta ɗauke wa sabar ko ta tsaya, intanet ɗin mutane bai tsaya tare da ita ba. Ka kuma tabbata ramin da ake kwafa yana ɓangaren cikin gida ne. Idan ka kwafi na waje, bayan rauta ya riga ya mayar da kowa adireshi ɗaya, duk makarantar za ta fito maka a matsayin na'ura guda.

Ba ka tambaya ba, amma tunda maganar sayen suwic ta shigo, ka yi hattara a kasuwa. Akwai masu ɗauko na gama-gari, wanda ba shi da shafin saiti ko kaɗan, su rantse maka cewa yana kwafar rami. Kada ka biya sai an jona shi a gabanka, an shiga shafinsa, ka ga wurin da idonka. Ka duba lambar samfurin da ke jikin ƙarfen, ba ta kwali ba. Sai kuma masu yawo da filashi suna cewa suna da PRTG cikakkiya, an fasa mata makulli, a kuɗi kaɗan. Ka guje su ko da kyauta suka ba ka. Irin wannan manhajar ita ake miƙa wa kalmomin sirrin rauta da suwic da saba gaba ɗaya, duk wanda ya cusa wani abu a cikinta ya riƙe makarantar taku a hannunsa. Abin da ya faru da kamfanin SolarWinds a 2020 ya isa darasi: ta cikin manhajar sa ido ta Orion aka bi aka shiga ma'aikatun gwamnatin Amurka, kuma wannan halastacciya ce da kamfanin ya sa wa hannu, balle wadda ba ka san hannun da ta bi ba. Har ila yau idan wani ya nemi kuɗin lasisin ntopng ta Community, cutarka zai yi. Kuɗin aikin girkawa daban, wannan haƙƙinsa ne.

Ka haɗa mata da ƙananan abubuwa biyu. Na farko vnstat mai ƙirga yawan data, wadda ba ta da nauyi ko kaɗan domin ƙididdigar da tsarin ke riƙewa take karantawa. Rubuta vnstat -d ta ba ka na kowace rana, vnstat -m ta ba ka na wata, kuma shi ne abin da za ka ajiye a gaban mai sayar muku da data idan lissafinku ya saɓa. Na biyu tcpdump, tsohuwar manhajar kama zirga-zirgar data da ake amfani da ita tun 1988. Ranar da wata na'ura ta ƙi jin magana, ka kama zirga-zirgarta na ɗan lokaci a fayil, ka kwashe zuwa laftof ɗinka ka buɗe da Wireshark, manhajar nazarin irin wannan fayil. Kada ka bar ta tana kamawa ka tafi gida, kafin safiya tana iya cika maka ma'ajiya.

Abu na ƙarshe, ka sanar da shugaban makarantar da malamai cewa ana lura da layin, a rubuce in da hali. Za ka riƙa ganin inda kowa ke shiga, wannan amana ce, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023. Kalmar sirrin ta tsaya a wurinka da mutum ɗaya da aka yarda da shi.

Ka turo mini samfurin suwic da rautan da kuke da su yanzu, da girman RAM ɗin sabar, in duba maka ko akwai buƙatar sayen wani abu ma. Allah Ya taimaka.