Wasiƙa daga Kumasi kan batun ciyawar da ka ce in aiko maka

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna da yara da duk mutanen gida. Saƙonka ya iso ni. Na ji cewa filin da ke gaban makarantar Islamiyyar unguwarmu ya zama kan mai ƙora, nan kore can fili, kuma kana so in ba direba ciyawar Gana ya kawo maka Katsina. Kafin in kashe kuɗinka, bari in ba ka labarin aikin da na yi a gidan maigidana a unguwar Ahodwo da ke nan Kumasi, don irin ciwon filinku ne na tarar a can.

Ka san a gida ciyawa abu biyu ce: ko abincin dabba, ko abokiyar gabar manomi. A nan kuwa dukiya ce. Tun zamanin Turawa ake yi wa Kumasi kirari da birnin lambu, kuma har yau mai hali ba ya ganin gidansa ya cika sai da koren shimfiɗa a gabansa. Ko ka tuna ranar 5 ga Satumban 2024 da Angola ta ci Gana ɗaya da nema a filin wasa na Baba Yara da ke nan Kumasi? Bayan wasan hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta janye amincewarta da filin saboda lalacewar ciyawarsa. Kwana da kwanaki ba a yin wata hira a teburin mai shayi na unguwar Aboabo sai wannan. Mutanen garin sun ji abin a ransu ƙwarai.

Da na karɓi aikin gidan, rabin filin ƙasa ce tsirara, sauran kuma tuji da aya-aya sun mamaye shi. Ta jikin katanga ga wani haki mai ƙarfin wari da suke kira Acampon, sunan Janar ɗin da ya mulki ƙasar daga 1972 zuwa 1978. Babu shi a wajenmu, don ba ya son fari. Mutanen nan suna murza ganyensa su matse a kan sabon rauni don tsayar da jini, amma a lambu annoba ne.

Maigidan ya riga ya sayi maganin feshi jarka guda, ya ce in yi wa filin wanka da shi. Shagunan kayan noma a kewayen kasuwar Kejetia cike suke da irin waɗannan magunguna, sun fi na kasuwarmu yawan iri, kuma mai shago zai tsaya ya karanta maka abin da ke jikin kwalba. Wannan na yaba musu. Sai dai wanda aka sayo mana mai kashe komai ne, ba ya bambanta haki da ciyawar da ake so. Akwai wani irin da ke kashe mai faɗin ganye kawai ya bar ciyawa, amma shi kuma ba ya taɓa tuji, tunda tuji ɗan'uwan ciyawa ne. Na roƙi maigida ya ba ni wata biyu in gwada da hannu.

Wani dattijo Bazabarme da ya shekara talatin yana aikin lambu a unguwar shi ya buɗe min ido. Ya zo ya tsaya, ya karɓi addata ya soka a inda ya fi tsirara, ta ƙi shiga. Ya ce, “Ɗana, tuji ba ya fitowa sai inda aka tattake ƙasa. Wa ke ajiye mota a nan?” Ashe direban gidan ne, shekara biyu yana juya mota a wurin. Muka haƙa kamu ɗaya, sai ga ɓaraguzan bulo da busasshen siminti da magina suka binne suka yafa ƙasa a kai. A ƙarƙashin mangwaro kuma inuwa ce ta kashe ciyawar, a wani lungu gara ce ke cin saiwar. Fili ɗaya, ciwo huɗu, kuma babu wanda feshi zai warkar.

Aya-aya ita ta fi wahalar da ni. Ka san halinta a fadama: ka tsinke kai, ƙwayar tana ƙasa, kuma ƙwayoyin a sarƙe suke da juna da wani siririn zare. Kwana uku ta sake leƙowa. Sai na riƙa jira a yi ruwa da dare, da asuba in bi ta da ƙaramin cokalin haƙa ina tono ta har gindi, ina tarawa a bokiti, in shanya a kan siminti rana ta kashe ta. Sau huɗu na zagaye filin a haka kafin ta yi sauƙi. Kada ka yarda yara su zubar da ita a gefen fili, za ta dawo.

A wajen ƙasa ne aka cuce ni. A nan ana sayar da baƙar ƙasa, a kawo maka har ƙofar gida a babur mai ƙafa uku da suke kira aboboya, ka biya ta waya da MoMo ba tare da ka taɓa takardar sidi, kuɗin Gana, ba. Sauƙin ya burge ni. Amma lodin farko da wani yaro ya kawo min, daga bakin bola ya kwaso shi, cike da leda da fasassun kwalabe da irin haki, har da aya-ayar da na gama yaƙi da ita. Dole na tankaɗe shi kaf da ragar waya. Daga nan ban ƙara sayen ƙasa ba sai na je na gani da idona, na damƙa a hannu na shinshina.

Taki kuwa, wallahi na gida ya fi. Nan kashin kaji ne ya yi yawa saboda gonakin kaji da ke kewaye da garin, yana da araha, amma yana da zafi. In ka zuba ɗanye sai ya ƙone saiwa, sai ya kwanta wata biyu ko uku tukuna. Sau da yawa nakan tuna takin turken Baba, na shanu da tumaki wanda ya shekara ya yi laushi kamar gari. Da ina da amalanke biyu nasa a nan da na huta. Wannan kuna da shi kyauta a bayan gida.

Na sassauta ƙasar da cokali mai yatsu zurfin kamu guda, na kwashe ɓaraguzan, na gauraya baƙar ƙasa da yashi da tsohon taki, na daidaita da manjagara. Ciyawar kuma a bakin titi na saya wurin masu sayar da furanni, a buhu, da saiwarta. Ba iri ake watsawa ba, dasawa ake yi kamar dashen albasa, tazarar tafin hannu tsakanin kowace. Mai faɗin ganye ce, tana shimfiɗuwa kamar darduma, tana jure inuwa, shi ya sa ta kama har gindin mangwaro bayan na rage masa rassa. A watan Afrilu na dasa, ruwa na sauka kusan kullum, cikin mako shida ta haɗe.

To Yaya, a nan maganar take. Kumasi tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, damina biyu, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Katsina da ƙyar take samun rabin haka, a wata huɗu kacal. Ko a nan, da hunturu ya shigo a Disamba sai ciyawar nan ta fara ja, sai an bi ta da ruwan famfo, wanda daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, kuma mita na ƙirgawa. In na aiko maka ita, ko ta tsira daga zafin mota, ba za ta ga ƙarshen bazara ba, sai dai ku riƙa sayen ruwan 'yan garuwa kuna zuba wa ƙasa alhali yara na bukatarsa don alwala.

Abin da ya dace da ku yana nan kusa da ku: kiri-kiri, wadda wasu ke kira tsarkiyar zomo. Tana son rana, tana jure fari da tattaki, in ta bushe da rani tana farfaɗowa da ruwan farko. Ka tura yara bakin fadama su cire ta da saiwa. Ku haƙe filin tun yanzu, ku zuba takin turke, ku jira damina ta zauna sosai a Yuli sannan ku dasa. Ku kewaye wurin da ƙaya saboda awaki, ku kuma fitar wa ɗalibai hanya guda da tsakuwa, in ba haka ba ƙafarsu za ta yi abin da motar maigidana ta yi.

Batun injin yanka kada ya dame ka. Namu ya lalace sau biyu, na kai shi Suwame Magazin, unguwar makanikai da maƙera da ta fi Ƙofar Ruwa ta Kano girma nesa ba kusa ba, suka ƙera masa abin da ya karye a yini ɗaya. A wannan fanni sun yi mana nisa. Amma filinku bai kai a saya masa inji ba, langa-langa ta isa, kuma abin mamaki su ma nan da wannan sunan suke kiran ta. A dai kula kada a aske ciyawar har ƙasa, a cire kashi ɗaya cikin uku na tsawonta kawai, don askin ƙwal shi ke ba haki ƙofa.

Abin da zan aiko maka shi ne adda biyu masu tambarin kada da ake yi a birnin Tema na nan Gana, ƙarfensu yana riƙe kaifi, da cokalin haƙa guda, da goron Inna. Direban zai taso bayan sallar Juma'a in Allah ya yarda. In kun fara haƙan ka turo min hoton ƙasar in ga launinta, musamman ta wajen ƙofar shiga.

Naka ƙane, daga Aboabo.