Kwana 7 a tekun Karibiyan da kyamarar Tough TG-7

Da kyamara biyu na hau jirgin ruwan yawon buɗe ido a Miyami ta Amurka: babbata da nake ji da ita, da wata 'yar ja, OM System Tough TG-7, wadda na saya dala 550 uwargida tana cewa almubazzaranci ne. Da muka dawo na zauna tantance hotuna, sai na ga kusan duk wanda ya isa a nuna wa mutane 'yar ƙaramar ce ta ɗauka. Babbar barci ta sha a durowa, don wa zai kai ta inda ruwan gishiri ke fantsama?

Ranar farko ni na tafka wauta. Bayan sallar asuba na fito daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa saman jirgi in kama fitowar rana, nan take gilashin gaban kyamarar ya yi gumi. Ina gogewa yana dawowa, har rana ta ɗaga. Daga ranar nake barin ta a barandar ɗaki minti 20 kafin in fita, ta saba da ɗumin waje.

A tsibirin Grand Cayman ta biya kuɗinta. Manyan jirage ba sa matsowa gaɓa a George Town, ƙananan jirage ke zuwa su kwashi mutane. Daga nan aka kai mu Stingray City, wani tudun yashi a tsakiyar teku inda ruwa bai wuce ƙugu ba, kifaye masu faɗi kamar faifai da doguwar jela suna gogar ƙafafun mutum. Jama'a na ta fama da wayoyi a cikin leda, ni kuwa na dulmiya hannu kawai na danna. An yi ta don ta jure zurfin mita 15, ni ko mita biyu ban kai ba. Akwai hoto ɗaya da kifin ya bi ta kan hijabin ninƙayar uwargida, ta buɗe baki tana "Malam, janye shi!" Har ɗigo-ɗigon bayansa sun fito.

Ga wani abu da ya shafe mu masu baƙar fata. Da tsakar rana, farin yashi da hasken ruwa suna ruɗar kyamara, ta rage haske, fuska ta fito baƙi ƙirin sai haƙora. Ƙara haske mataki ɗaya ko kunna filasha, ko da rana tsaka ne, shi ya gyara min wannan a Kozumel ta Meksiko.

A Jamaika mun hau duwatsun Dunn's River kusa da Ocho Rios, inda ake riƙe hannun juna a jere ruwa na dukan mutum. Kyamarar ta bugi dutse sau biyu, ko gezau. Amma a sayi igiyar hannu mai sa ta yawo a saman ruwa, don idan ta suɓuce nutsewa za ta yi. Kowane dare kuma ina jiƙa ta a ruwan famfo, ta bushe kafin in buɗe murfin batir.

Da dare ne ƙarfinta ke ƙarewa. A zauren cin abinci hotunan sun fito da tsaki-tsaki, wayata ma ta fi ta a nan. Kusanto da abu daga nesa ninki 4 ne kawai, tsuntsayen da ke bin jirgi sun fito kamar ƙudaje. Daren da aka yi ado, na sa babbar riga da hula, dole masu hoton jirgi na tsaya wa. Kuɗin da suka yanka min kan hoto ɗaya kuwa, har yau uwargida ba ta san adadinsa ba.