Sharhi kan na'urar ELM327: wata huɗu ina bibiyar zafin injin tsohuwar motata da ita

Motata Corolla ce 'yar 2004, kuma tun watan Maris ta fara wani hali da ya hana ni sukuni. In na hau titin Kano zuwa Zariya, lafiya lau take tafiya. Amma da na shiga cunkoson Kurna da rana tsaka, sai allurar zafi ta fara hawa, har wata rana na ji ruwa yana tafasa a cikin lagireto. Bakanike na farko ya ce gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, a sauke kan inji. Na biyu ya ce a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗauki zafi, a haɗa fanka kai tsaye da batir, wai haka kowa yake yi a ƙasar zafi. Duka biyun ba wanda ya auna komai kafin ya yanke hukunci, shi ya sa na sayi wannan 'yar na'ura.

Girmanta bai wuce kwalin ashana ba, kuɗinta kuma bai kai na cika tanki ba. Ana soka ta a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD2, sai ta haɗu da waya ta Bluetooth. Ni manhajar Torque na sa a wayata ta Android. Abin da ya fi burge ni shi ne tana nuna zafin ruwan inji da lamba, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Allurar gaban mota ba ta da wannan gaskiyar: a tawa tana zaune a tsakiya tun daga digiri 80 da 'yan kai har kusan 100, sai abu ya ɓaci take motsawa.

Da sassafe, kafin na tayar da mota, na'urar ta nuna digiri 29, daidai da iskar gari. Nan na cire sensan zafi daga zargi, domin da ya lalace da ya ba da lambar da ba ta shiga hankali. Na tayar, na bar ta a tsaye a ƙofar gida. Wajen 82 bututun sama na lagireto ya ɗauki zafi, alamar tamostat ya buɗe kan lokaci. Lamba ta ci gaba: 95, 99, 103. Fanka shiru. Na kunna esi, sai ga ta tana juyawa a hankali. Ashe ita kanta fankar lafiyarta ƙalau, umarnin babban gudu ne ba ya isa gare ta. Shi ya sa a babban titi, inda iska ke ratsa lagireto da kanta, ba a ganin komai.

Da wannan bayani na je wurin wani mai gyaran wayoyin mota, dattijo mai haƙuri. Ya saurare ni, ya ce, "Alhaji, ka rage mini rabin aiki." Ya duba fis, ya zaro rile ɗin fanka, wato ɗan makunnin da ke sakar mata wuta, ya gwada, ya tarar ya ƙone daga ciki. Muka sayo wani a Ƙofar Ruwa. Ya kuma ba ni shawarar sauya murfin lagireto, domin robarsa ta tsufa, kuma murfin ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Yanzu fanka tana tashi da kanta idan zafi ya haura 90 da ɗoriya, ta sauke shi, ta tsaya. Tamostat ɗina yana nan, ban bari an cire ba, don injin da ke yawo a sanyaye mai yake sha, kuma yana saurin cinyewa.

Amma kada a ɗauka na'urar boka ce. Duk tsawon matsalar nan ba ta nuna mini lambar kuskure ko ɗaya ba, ni na zauna na karanta zafin na haɗa da abin da idona ya gani. Ba ta ganin yoyon ruwa ko lagireton da ya toshe. Manhajar da Turanci take, wanda cikas ne ga direbobi da yawa. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 ba su da soket ɗin ma. Motocin Amurka daga 1996 ne suka fara zuwa da shi dole, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Sannan in an bar ta a soke kwana da kwanaki tana tsotsar batir, don haka nake zare ta kullum.

Ga mai tsohuwar motar da ke zafi a cunkoso, ina ba shi shawarar ya saye ta kafin ya yarda a sauke masa kan inji. Kuma don Allah, in ruwa ya tafasa a kashe mota a jira ta huce sosai kafin a taɓa murfin lagireto. Tururin nan yana saɓule fata.