Na biya kuɗin talla wurin wanda na koyi talla a hannunsa

Shekara takwas ke nan da na fara karanta mutumin nan, wani marubucin intanet mai koyar da talla. Ba zan kama sunansa ba, don ba shi kaɗai ne a wannan hali ba, kuma bai cuce ni ba. Lokacin da na fara ɗinka jakunkunan kwamfuta ina sayarwa ta intanet, a rubuce-rubucensa na koyi yadda ake tsara bayanin kaya, da yadda ake tara adireshin imel na masu saye, da dalilin da ya sa ba a barin abokin ciniki ya kwana bai sami amsa ba. A wancan zamanin in ya saki rubutu da safe, kafin dare an yaɗa shi ko'ina. Don haka da na ga ya buɗe hidimar tallata kayan mutane, ban tsaya dogon tunani ba. Na ce wanda ya koya mini tafiya ai shi zai nuna mini hanya.

Abu huɗu ne a cikin abin da na saya: cikakken rubutu guda a kan jakunkunana, ambato a wasiƙarsa ta imel da yake aikawa duk mako, saƙo uku a Facebook da X da Instagram, sai hira ta awa ɗaya ta bidiyo don ya duba mini tsarin kasuwancina. Kafin na biya ya aiko mini da wata takarda mai launi, cike da lambobi: mabiya kaza a nan, kaza a can, masu karɓar wasiƙarsa sama da 30,000, kuma a cewarsa kusan rabinsu suna buɗewa. Na duba lambobin nan na ji har na fara tunanin ƙara keken ɗinki.

Ta wajen cika alkawari ba ni da abin cewa. Ya aiko da tambayoyi masu ma'ana, ya karɓi jaka guda ya yi amfani da ita mako biyu, ya rubuta abin da ya gani. Har ya faɗi cewa zif ɗin aljihun gefe yana da tauri, kuma gaskiyarsa ce. Rubutun ya fita ranar da ya ce, a samansa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa talla ce da aka biya. Wannan ya burge ni, don na san tun 2009 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta wajabta wa masu irin wannan rubutu su bayyana in an biya su, amma har gobe da yawa suna ɓoye bayanin a can ƙasa da ƙananan haruffa.

Ƙanina ne ya hana ni yaudarar kaina. Shi ke kula mini da shafin sayarwa, kuma tun kafin tallar ta fita ya ware mahaɗi na musamman da lambar rangwame da ba a ba kowa ba sai mutumin nan, don duk wanda ya biyo ta wajensa mu gane shi. Ranar farko na kasa zama, kowane rabin awa sai na leƙa. Rana ta biyu na rage leƙe. Da aka cika kwana 30 ya juyo mini da fuskar kwamfutar ya ce, "Yaya, zo ki ga kasuwarki." Mutum 112 ne suka shigo. Jaka uku aka saya, ɗaya kuma wata ƙawata ce da na tura wa lambar rangwamen da hannuna.

Akwatin imel ɗina kuwa ya cika. Saƙo 14 na ƙirga a makon farko, babu ko ɗaya daga mai neman jaka. Wannan zai ɗaga mini shafi zuwa sahun farko a Google, wancan yana da kwas na mako shida, wata kuma za ta mayar da ni "gagarabadau a fannina". A nan na gane waɗanda suka rage a zauren mutumin nan. Masu talla ne ke karanta mai talla, kowa da tiren kayansa a ka, ana kallon juna ana jiran wanda zai fara saye.

Na koma masa da lambobin, cikin ladabi. Na ce, "Malam, ka ce rabin mutanenka suna buɗe wasiƙa, ina suka shige?" Ya aiko da hoton allon lissafinsa, kuma lallai abin da ya nuna ke nan. Ƙanina ya yi dariya ya bayyana mini yadda abin yake. Ana gane an buɗe wasiƙa ne ta wani ɗan mitsitsin hoto da ido ba ya gani, wanda ake ɓoyewa a cikinta. In hoton ya sauka, sai a ƙirga an buɗe. To tun watan Satumbar 2021, da kamfanin Apple ya fito da iOS 15, sabon tsarin wayar iPhone, manhajarsa ta imel mai suna Mail tana sauke waɗannan hotuna da kanta ga duk wanda ya kunna kariyar sirri, ko ya karanta ko bai ko kalla ba. Ashe wani kaso na "masu buɗewar" na'ura ce ke buɗewa na'ura na ƙirgawa. Mutumin da ya yi shekaru yana koyar da tallar imel ba zai ce bai san wannan ba, kuma nan ne kaɗai na ji haushinsa sosai. Lambar da ya kamata ya nuna mini ita ce ta waɗanda suke danna mahaɗi, ita ce kuma babu a takardarsa mai launi.

Saƙonnin Facebook da sauransu ba su ci a tsaya a kansu ba. Tun Janairun 2018 da shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, ya sanar cewa za a fifita abin da dangi da abokai suka wallafa a kan na shafukan kasuwanci, yawan mabiya ya daina nufin yawan masu gani. Nasa saƙon mutum tara kacal suka dangwala masa alamar so.

Akwai kuma kuskuren da nawa ne. Na ɗauka in shafin da ya daɗe da yin suna irin nasa ya sa mahaɗi zuwa nawa, Google zai ɗaga ni. Bai yi mini wannan alkawarin ba, ni na ƙulla shi a raina. Ƙa'idar Google ita ce duk mahaɗin da aka biya kuɗi a kansa a yi masa alama, har ma a Satumbar 2019 ya fito da alama ta musamman don haka, kuma mahaɗi mai irin wannan alama ba a sa ran ya ƙara wa kowa matsayi. Mutumin ya bi ƙa'ida ya sa alamar. Ban ga laifinsa ba, sai dai na ga wautata.

Hirar awa ɗayan ce ta sa ban kira abin asara gaba ɗaya ba. Minti goma da farawa ya ce, "Malama, hotunanki duk na wajen jaka ne. Mai sayen jakar kwamfuta ciki yake son gani." Ya sa na ɗauko jaka na buɗe ta gaban kyamara, ya nuna mini inda zan sa caja da littafi da kwamfutar kanta a ɗauki hoto daga sama, sannan in rubuta girman allon da kowace jaka ke ɗauka a layin farko, maimakon in binne shi a ƙarshe. Ya duba matakan biyan kuɗi ya ce biyu daga ciki ba su da amfani. Idonsa na nan da kaifi kamar da. Da hira ta yi nisa, shi da kansa ya faɗi abin da takardarsa ba ta faɗa ba: cewa masu zuwa masa daga Google sun ragu ƙwarai, kuma bai ga alamar za su dawo ba.

Ban yi mamaki ba, don ni kaina shaida ce. Yaushe rabon da in buɗe wasiƙarsa kafin wannan ciniki? Sunana na cikin 30,000 ɗin nan, amma na fi shekara biyu ban karanta ba. Irinsu sun tashi ne a lokacin da mutum kan zaɓi marubutan da yake so ya riƙa binsu, kamar ta Google Reader, mai tara wa mutum sabbin rubuce-rubucensu wuri guda, wanda aka rufe a Yulin 2013. Daga nan sai suka dogara da binciken Google, shi kuma daga Agustan 2022 ya fara sauye-sauyen da ya ce na rage wa shafukan da ake rubutawa don injin bincike ƙarfi ne. A Nuwamban 2022 ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi, ya fito, a Mayun 2024 kuma Google ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike a Amurka. Tambayar da da sai ka karanta dogon rubutun "hanyoyi goma" kafin ka sami amsarta, yanzu layi biyar ne a gabanka ba ka danna komai ba.

Amma kada a ɗora wa kamfanoni duka. Masu sana'ar ma sun ci amanar zaurensu. An kai lokacin da duk kayan aikin da suka yaba, akwai kamasho a bayan yabon, duk taken rubutu kuma alkawarin kuɗi ne cikin wata guda. A Janairun 2018 jaridar New York Times ta fallasa kamfanin Devumi da ke sayar da mabiyan bogi, a tsakiyar shekarar kuma Unilever ya ce ya daina hulɗa da masu sayen mabiya. A Oktoban 2022 tauraruwar talabijin ta Amurka, Kim Kardashian, ta amince ta biya dala miliyan 1.26 saboda tallar wani kuɗin kirifto da ta yi ba ta bayyana nawa aka biya ta ba. Mai karatu yana ganin wannan duka, kuma in ya daina yarda, na kirki da na banza yake haɗawa ya watsar. Ban yi zaton nawa mutumin ya taɓa sayen mabiyi ko ɗaya ba. Mutanensa na gaske ne, sun dai tashi sun bar takalmansu a ƙofa, shi kuma yana ƙirga takalma.

Ga mai son gwadawa, hirar ta cancanci kuɗinta, kuma in da ana sayar da ita ita kaɗai zan sake saye. Tallar kuwa ba zan maimaita ba, sai in kayana na masu talla ne. In ka nace, ka nemi adadin masu danna mahaɗi na wasiƙu uku na baya-bayan nan, ka nemi ya haɗa ka da wani da ya yi wa talla cikin wata shida, sannan ka tanadi lambar rangwamenka kafin ka biya.

Na sake hotunan yadda ya ce, na cire matakan nan biyu, na kuma canza zif ɗin aljihun gefe. Makon jiya saƙonsa ya shigo, yana tayin zagaye na biyu da ragi. Na amsa na ce, "Malam, awa ɗayan nan fa, nawa za ka bar mini ita?" Har yanzu ina jiran amsa.