Littafin waƙoƙin tsarkaka: wanne ya kamata ƙungiyar mawaƙa ta saya a Legas?

Da zarar Oktoba ya kama, shugabannin mawaƙa a sujadar Hausa, daga Agege zuwa Obalande da barikin Ojo, sai su shiga neman littafi don Ranar Dukan Tsarkaka, 1 ga Nuwamba. Kafin ma'aji ya saki kuɗi, ku tambayi kanku: wa zai koya wa jama'a muryar waƙar, wato karinta, kuma wane rubutu ya iya karantawa? Amsar ita ce za ta zaɓa muku littafi.

Mafi araha shi ne mai kalmomi zalla. Ya dace da masu zama a benci, a sayo da yawa a raba. Amma ba ya koyar da murya. In babu dattijo ko dattijuwar da ta riƙe karin a ka, kowa zai ja nasa. Ku kuma duba jerin waƙoƙin kafin ku biya, domin littafin waƙoƙin Hausa da aka saba da shi a ECWA da COCIN bai bi kalandar tsarkaka ba. 'Yan Katolika da Angilikan su ke kiyaye waɗannan ranaku, kuma a littattafansu ne za a fi samun abin da ake nema.

Na biyu shi ne mai do-re-mi, wato solfa, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila. A ganina nan ya kamata yawancin kuɗin ya tafi, don shi mawaƙanmu suka taso da shi tun daga Jos da Kafanchan da Numan. Sai dai a nan ne bugun jabu ya fi cuta. A solfa, ɗigo ɗaya, ɗigo biyu da waƙafi su ke nuna tsawon sauti, ɗan alamar da ke sama ko ƙasan harafi kuma ita ke cewa a hau ko a sauka. Idan tawada ta dushe, ɗigo biyu ya koma ɗaya, an canza waƙa ke nan. Ku buɗe tsakiyar littafin a wuri mai haske, ku sa mai koyarwa ya rera layi biyu daga ciki. Ya yi tuntuɓe, ku ajiye.

Na uku, mai rubutun kiɗa a kan layuka biyar, ya fi tsada da nauyi. Kwafi ɗaya ya isa, na mai kaɗa ogan ko kibod, in ya iya karantawa. Irinsa ake amfani da shi a manyan majami'u kamar babban cocin Angilikan na Marina. Ana neman su a shagon CSS da ke titin Broad. Ku ɗauki mai bango mai kauri wanda aka ɗinke, saboda damshin Legas ba ya barin na manne ya kai labari.

Akwai abin da ya fi bango muhimmanci: wace murya aka haɗa wa waƙar? Ɗauki shahararriyar nan ta wannan rana, For All the Saints, wadda William Walsham How ya rubuta a 1864. Tana da muryoyi biyu sanannu. Tsohuwar, Sarum, ta Joseph Barnby ce, mai tafiya a natse cikin muryoyi huɗu. Sabuwar, Sine Nomine, Ralph Vaughan Williams ya tsara ta, ta fito a 1906, kuma ita ta fi karɓuwa yanzu. Tana da daɗi ƙwarai, amma tana da sharaɗi: kayan kiɗa ne ke buga sautin farko, mawaƙa su shigo a bugu na biyu, kuma yawancin baitocin ana rera su da murya ɗaya ne, kiɗa na tafe a ƙasa yana ɗauke da su. A ɗauke wuta a tsakiyar baiti, sai a ji waƙar ta rame. Cocin da ba shi da janareta mai aminci, Sarum ta fi masa. Wanda ya nace kan Sine Nomine, in ya je kasuwar Alaba ya nemi kibod mai cin batir.

Sannan ku nemi littafin da ke da jerin ma'aunin waƙa a baya. Wannan waƙar layuka uku ne masu gaɓa goma-goma, sai Halleluya. Fassarar Hausa takan zarce da gaɓa ɗaya ko biyu, mawaƙa su riƙa haɗiye kalma. Da jerin nan za ku iya ƙirga gaɓoɓinku, ku nemo muryar da ta zauna daidai.

Na waya fa? Yana da amfani wajen sauraron murya a cikin cunkoson hanya, amma ba na tsayawa da shi gaban bagadi ba ne, ga kuskuren rubutu da yawa.

Su kuwa Shahidan Uganda na 3 ga Yuni, da Bakhita ta Sudan ta 8 ga Fabrairu, da Fada Tansi na Najeriya wanda Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana mai albarka a 1998, kada ku sa ran samun waƙarsu a tsofaffin littattafan Ingila. Wannan aikin Zumuntar Mata ne da tulunsu da caki. Ku ware musu kuɗin babban littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, a sa mai solfa ya zauna da su ya rubuta muryar kowace waƙa.